Ƙafar Da Ta Fi Tafiya

Wani ne a nan Wudil. Ba zan faɗi unguwarsu ba, kada ku ce ni na tona masa asiri. Ƙato ne, lafiyayye, ko mura ba ta kama shi. In ka tambaye shi sana'arsa sai ya gyara hula ya ce, "Harkar hatsi." Wace harka? Oho. Ba wanda ya taɓa ganinsa da buhu, ko da wanda ba komai a ciki ne. Abin da kowa ya san shi da shi, bencin nan ne na gindin darbejiya a bakin layinsu. Bencin har ya lotsa daidai mazauninsa. In baƙo ya zauna a wurin sai ya ji kamar ya faɗa cikin kwano.

Matarsa kuwa, Mas'uda, ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti can ƙetaren gada. Baiwar Allah tun asuba take tsaye. Ta dafa, ta share, ta taka da ƙafa har wurin aiki. Ta wuni tsakanin ɗakin haihuwa da ɗakin allura da ɗakin magani. Ta taso ta biya kasuwa, ta dawo ta sake ɗora tukunya. Sai tuwo ya nuna sannan za ka ji sallamar gogan naka, yana jan ƙafa.

"Wash! Wayyo Allah ƙafata! Mas'uda, ruwan zafi."

"Sannu Malam. Yau kuma daga ina?"

"Daga Lajawa. Daga can na zarce Indabo. A ƙasa fa! Ke me kika sani? Kina zaune a inuwa, fanka na kaɗa ki, kina miƙa wa mutane farasitamol."

Ta kawo ruwan. Ya tsoma ƙafar nan tasa mai laushi kamar ta jariri, yana nishi. In an zuba miya, tsoka mafi girma tasa ce, wai shi ne ya sha rana. Haka aka yi shekara da shekaru.

To, matan asibitin nan ba su da lokacin wani motsa jiki. Wa zai bar mai naƙuda ya tafi gudu? Sai suka sayo agogon nan na zamani, kowacce ta ɗaura. Agogo ne mai layin waya a ciki. Yana ƙirga takun da ka yi, yana jin bugun zuciyarka, kuma duk inda ka bi sai ya zana a taswira cikin waya. Da yamma kowacce ta tura nata lissafin a zaurensu na waya, a yi ta tsokanar wadda ta zo ƙarshe. Mas'uda ba ta taɓa zuwa ƙarshe ba. Dubu goma sha uku, dubu goma sha huɗu, kullum.

Mutuminku ya ga agogon ya taɓe baki. "Yanzu tafiyar ma sai an ƙirga? Agogon gulma. Mu da muke yin ta gaske ba ma ƙirgawa."

Ran Lahadi sai ga yayanta, Alhaji Halliru, ya zo daga Kano. Ya zo da ɗan ƙaramin babur ja, sabo fil, ko ledar kujerarsa ba a cire ba. Ya ce ya gaji da jin labarin ƙanwarsa tana taka gada safe da yamma.

Kafin Mas'uda ta buɗe baki ta yi godiya, ƙaton nan ya riga ya haye kan babur yana murɗa hannu.

"Kai, Allah ya saka da alheri, Yaya! Ai in don wahalar ƙafa ce, ka kawo shi gidan da ya dace. Ita aikinta na zaune ne. Ni ne dai kullum ina hanya."

Alhaji Halliru ya daɗe da sanin surukin nasa. Ya dube shi sama da ƙasa, ya zare makullin ya jefa a aljihu.

"To ba rigima. Ƙafar da ta fi tafiya a gidan nan, ita za ta hau shi."

"Alhamdu lillahi! An gama ke nan."

Mas'uda ta kwance agogon daga hannunta. "Ba a gama ba, Malam. Miƙo hannunka. Ni wayata za ta ƙirga nawa a aljihu. Daga gobe Litinin zuwa Juma'a. Ba ma sai an haɗa duka ba. In ka fi ni ko da rana ɗaya ce tak, ka ɗauki babur."

"Rana ɗaya? Ni kike raina wa hankali?"

Alhaji ya ce shi dai zai dawo Juma'a da magariba, da makulli a aljihunsa.

Litinin ta yi. Mutuminku ya fita kamar kullum, ya zauna kamar kullum, ya dawo yana jan ƙafa kamar kullum.

"Wash! Yau har Dagumawa na kai."

Mas'uda ta duba waya. "Ɗari huɗu da shida."

"Dubu ɗari huɗu?"

"Ɗari huɗu, Malam. Da shida. Ga taswirar. Gida, benci, masallaci, benci, mai shayi, benci. Dagumawar ta dawo gindin darbejiya ne?"

"Naki fa?"

"Dubu goma sha huɗu."

"Agogon nan bai saba da ni ba. Hannun mace ya sani."

"To ka ba shi lokaci ya saba."

Ranar ba a kawo ruwan zafi ba. Ya jira, ya yi gyaran murya, ya sake jira. Ba a kawo ba.

Da gari ya waye ya kai kuka wurin abokin zamansa, Ɗan'auta. Shi ma wani malalacin ne, shi ya lotsa ɗaya gefen bencin. Amma a bakinsa ba abin da bai sani ba, daga jirgin sama har maganin basir.

Ɗan'auta ya karɓi agogon ya jujjuya. Ya girgiza shi, lamba ta ƙaru. Ya sake girgizawa, ta sake ƙaruwa.

"Kai, wannan ai wawan agogo ne. Ba tafiya yake ƙirgawa ba, jijjiga yake ƙirgawa. Ka yi ta kaɗa hannu."

Mutuminku ya kama kaɗa hannu. Ko minti biyar bai yi ba ya ce kafaɗarsa za ta cire. Ka ji fa. Kaɗa hannun ma ya gagara.

Sai suka jiyo luguden taɓarya daga bayan layi. Wata tsohuwa ce mai dakau, wadda ke wuni tana surfa wa mutane gero. Suka dubi juna. Gogan naka ya tashi ya je ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ta har da tambayar jikoki.

"Iya, ga wani abu daga asibiti. In kika ɗaura a taɓarya, yana tsotse ciwon kafaɗa."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Tsohuwa ta ɗaura, ta wuni tana daka. Shi kuma ya wuni yana hamma. Da la'asar ya je ya karɓo. Dubu ashirin da biyu! Ya shigo gida yana taku ɗai-ɗai, ko wash ɗin ma ya manta.

"Duba wayar taki. Duba da kyau. Ki kira Yaya ya kawo makulli, kada a wahalar da bawan Allah har Juma'a."

Mas'uda ta duba. Ta daɗe tana dubawa.

"Sannu da ƙoƙari. Dubu ashirin da biyu, kuma duk a wuri ɗaya. Ko taku ɗaya ɗigon bai gusa ba."

"A tsaye na yi. Irin na sojoji."

"To. Sai dai kuma tun ƙarfe tara na safe har la'asar zuciyarka ba ta buga ba ko sau ɗaya."

"Kamar yaya?"

"Ga shi nan. Ba bugu. Mu dai a wurin aikinmu, in muka ga haka zani muke ja mu rufe mutum. Wannan ba ya cikin lissafi. Tafiyar mai rai aka ce."

Ran Laraba haushi ya kama shi, ya ce yau zai yi ta gaske kowa ya huta. Ya ɗaura agogo, ya nufi gada. Wallahi ya yi ƙoƙari, a ba shi wannan. Ya kai har bakin kogi. Nan ƙanshin kifin da ake soyawa ya tare shi. Ya ce bari ya ɗan tsaya ya huta. Hutun nan shi ne har kiran la'asar. Acaɓa ya hau ya dawo. Dubu ɗaya da ɗari tara. Ita kuwa ranar mata uku suka haihu a hannunta, ta yi dubu goma sha shida.

Alhamis da safe ya sami Ɗan'auta a benci, ido ya yi zuru-zuru.

"Saura kwana biyu. Babur zai tafi ina kallo."

"Ai kuskurenmu ɗaya," in ji Ɗan'auta. "Taɓarya ba ta da zuciya, kuma ba ta yawo. Abin da muke nema, mai rai, mai yawo, wanda ba ya magana."

Suna cikin haka sai ga akuyar Malam Nu'uman maƙwabcinsu ta zo wucewa. Baƙar akuya ce, fitinanniya, duk unguwar an san ta. Ba gidan da ba ta taɓa sha wa ƙullu ba. Suka kama ta da ɓawon ayaba, suka ɗaure agogon a ƙafarta ta gaba, ta ciki, suka sake ta. Ta yi gaba abinta.

Kamo ta da yamma shi ne aiki. Sai da Ɗan'auta ya yage wando. Amma dai an kwance agogo. Dubu tara da wani abu, da bugun zuciya, da yawo, komai ya cika.

Mas'uda ta karɓi agogon za ta sa a caji. Ta ɗan kai shi hanci. Ta cire wani baƙin gashi daga maɗaurinsa, ta duba, ta yar. Ta buɗe taswira.

"Dubu tara. Ka matso. Ni sha uku na yi, amma ka matso."

"Gobe za ki gani."

"Sai dai ina da tambaya, Malam. Me ka je yi a bola har sau uku?"

"Bola? Hanya ce ta bi da ni."

"To gidan mai ƙosai fa? Ka shiga ta ƙofa, ka fita ta inda katanga ta rushe."

"Gajeriyar hanya ce."

"Gidan Malam Nu'uman kuma sau huɗu ka shiga. Har madafi. Kuma mutumin nan tun shekaranjiya yana Kano, iyalinsa ne kawai a ciki."

In ya ce akuya ce, babur ya tafi. In ya ce shi ne, ya zama mai shiga gidan matan aure. Ya tsaya yana auna wanne ya fi sauƙi. Kun san me sakaran nan ya zaɓa?

"Gaisuwa na je yi."

"Sau huɗu?"

"Haƙƙin maƙwabtaka ne."

"Allah ya ba da lada," in ji Mas'uda. Ta juya ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

Saura Juma'a. Kun dai san Juma'a a Wudil, ranar kara ce, shanu ta ko'ina. Ɗan'auta ya ce akuya ba ta da tarbiyya, shi ya sa. A nemi dabba mai hankali, mai bin hanya miƙe, wadda ba ta leƙa gidan kowa. Ya ce akwai wani Ɗantani, mai koro shanu a ƙasa daga wajen Lajawa duk ranar kasuwa.

Ana idar da sallar asuba mutuminku ya ɗare acaɓa. Rabonsa da ganin fitowar rana a waje tun yana saurayi. Ya tarar da Ɗantani ya taso da shanu bakwai. A cikinsu akwai wani jan sa, ƙosasshe, yana tafe a gaba kamar shi ya san hanya.

Bayan doguwar gaisuwa ya fito da agogo. Ya fara wani dogon bayani, wai gwamnati ce ke gwada lafiyar shanu. Ɗantani ya katse shi.

"Malam, ni ba ruwana da dalilinka. Ɗaura abinka. Amma ka same ni a kara kafin ƙarfe sha ɗaya ka cire. In an saya, an saya."

Maɗaurin agogo bai zagaye ƙafar sa ba. Suka ƙara da robar tayar keke, suka ɗaure tamau a saman kofato. Jan sa ya yi gaba. Gogan naka ya sake hawa acaɓa ya dawo gari, ya shige zauren Ɗan'auta don kada a gan shi. Ya sha koko da ƙosai. Ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, tunda ya yi sammako.

Can asibiti kuwa Mas'uda tana aiki tana leƙa waya. Ɗigo ya taso daga Lajawa. Yana tafe a kan hanya, miƙe, ba bola, ba gidan kowa. Zuciya na bugawa daram, ba haki. Dubu goma. Dubu goma sha takwas. Dubu ashirin da biyar. Abokan aikinta suka taru a kanta suna salati.

"Mas'uda, mijin nan naki ne kuwa?"

Ita kanta ta fara shakka. Ta ce a ranta, ko dai na zalunci bawan Allah nan ne? Ko dai da gaske yana zuwa Lajawar? Har kunya ta fara kama ta.

Ɗigo ya shiga kara. Ya yi ta zagaye. Ya fito ya bi wani lungu. Wajen sha biyu saura sai waya ta ɗau ƙara, jan rubutu ya cika fuskarta. Bugun zuciya ya haura sama, ya haura, sannan ya tsaya cak.

Ta tuna ranar Talata ma ba bugu. Amma ran nan tun farko babu. Yau kuwa tun asuba zuciyar nan take bugawa a gaban idonta, yanzu ta tsaya. Mutumin da bai saba ba, ya yi tafiyar dubu talatin a rana, saboda ita ta ƙure shi. Ta ce, "Inna lillahi, na kashe shi!" Ta bar takardun hannunta a kan tebur ta fita da gudu. Malalaci ne, ta sani. Maƙaryaci ne, ta sani. Amma mijinta ne, kuma tsoro ya kama ta ƙwarai. Tana gudu tana kuka tana bin ɗigo a waya, har ɗigo ya kai ta kwata, inda mahauta ke yanka.

"Ina yake? Ina mutumin da ya faɗi a nan?"

Wani mahauci ya ɗago da wuƙa a hannu. "Hajiya, lafiya? Nan ba wanda ya faɗi. Sa dai muka kayar."

Ta duba waya. Ɗigo ya ce nan ne. Ta duba ƙasa. Ga ƙafafu huɗu an jere a kan buhu. Ɗaya tana sanye da agogonta, an ɗaure da robar tayar keke.

Hawayen nan suka ƙafe nan take. Ta tsaya tana kallon ƙafar, ta daɗe. Mahauci ya ce shi ma ya yi mamaki, shekararsa ashirin yana fiɗa bai taɓa ganin sa mai duba lokaci ba.

"Naɗe min ita," in ji Mas'uda.

"Da agogon?"

"Agogon nawa ne. Ƙafar kuma ta maigidana ce."

Shi kuwa maigidan, kiran sallar Juma'a ne ya tashe shi. Ya yi firgigit ya dubi hannu zai ga lokaci, ba agogo. Aka idar da salla, ya ruga kara. Ya tarar da Ɗantani a inuwa yana shan fura, ba sa ko ɗaya a gabansa.

"Ina jan san?"

"Na ce maka sha ɗaya."

"Wa ya saya?"

"Wani mai farar hula."

Ranar Juma'a, a Wudil, bayan an sauko daga masallaci, wai mai farar hula! Ya waiga hagu, farar hula. Ya waiga dama, farar hula. Shi kansa farar hula ce a kansa.

Nan fa aka fara. Duk jan san da ya hango sai ya ruga ya durƙusa yana leƙen ƙafarsa. Dillalai suka ɗauka sabon salon duba dabba ne, har wani ya fara kwaikwayonsa. Wata saniya ta gaji da shi ta sakar masa kofato a cinya, ya faɗa cikin kashin shanu da farar rigarsa ta Juma'a. Aka ce masa an loda wasu jajaye a tirela za a yi kudu da su. Ya bi tirela da gudu yana ihu har ƙetaren gada. Aka ce ba ita ba ce, waccan ce. Ya sake tsallako gada. Aka ce a duba hanyar Gaya. Ya duba. Takalminsa ya tsinke, ya riƙe a hannu. Sai da rana ta yi ja sannan wani ya ce masa, ka leƙa kwata kuwa? Ya je ya tarar an wanke wuri an watse, sai ƙudaje.

Wallahi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa tafiya irin ta ran nan ba. Kuma ba abin da ya ƙirga masa ko taku ɗaya.

Da magariba ya doso gida. Wannan karon jan ƙafar na gaske ne. Tafin ƙafa ya yi ƙulu-ƙulu da bororo, cinya ta kumbura. Ya tsaya a bakin rijiyar masallaci ya ɗauraye rigar, ya ja hannunta ya rufe wuyan hannunsa. Yana tafe yana shirya ƙarya.

Ya tarar da Alhaji Halliru a tsakar gida a kan tabarma. Ga babur an goge shi yana ƙyalli. Ga wani ƙanshi ya cika gidan.

"Wash! Wayyo Allah!"

"Sannu Malam," in ji Mas'uda da fara'a, tana lulluɓe da mayafi har hannu. "Sannu da hanya. Zauna. Yau kam ka sha tafiya."

Ta ajiye masa kwano. Farfesun ƙafar sa ne, ya sha wuta tun azahar, ya yi luguf, ga yaji ga citta. Mutumin da ya wuni da koko a ciki! Ko bisimilla bai ƙarasa ba ya sa hannu. Ya ci, ya tsotse, ya sha romo, ya ƙara. Alhaji ya ce shi ya ƙoshi, kallo kawai yake yi.

Da ciki ya ɗauka sai baki ya buɗe.

"Ƙanwar taka ta nuna maka wayar kuwa, Yaya?"

"Ta nuna min. Dubu talatin da ɗaya da ɗari biyu."

"Ka ji! Ita fa?"

"Dubu goma sha tara," in ji Mas'uda. "Yau na ɗan yi gudu."

"To ai magana ta ƙare. Tun daga Lajawa, Yaya, a ƙasa! Ban tsaya ko shan ruwa ba. Dama na faɗa muku, ku ne dai ba ku yarda ba."

Alhaji ya ce, "Madalla. Ina agogon?"

"Agogon? Ai wannan gari ya lalace. Na cire zan yi alwala a masallacin Juma'a, na ajiye a gefe, kafin in shafa kai an ɗauke. Ɓarayi ko ranar Juma'a ba sa hutu. Amma ai lissafi ya riga ya shiga waya."

"Allah ya tona asirinsu," in ji Mas'uda. "Kawo hannu ka wanke."

Ta miƙo buta. Mayafi ya zame. Ga agogo a hannunta, an wanke shi tas. A kan tabarma kuma ta ajiye masa wata 'yar robar tayar keke.

Ya dubi agogo. Ya dubi roba. Ya dubi ƙashin da ke hannunsa, wanda ya gwaguye har ya yi fari. Alhaji Halliru ya ciro makulli ya miƙa wa ƙanwarsa.

Gogan naka ya yi tsalle ya miƙe, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba, ya koma ya zauna.

"Wallahi tallahi yau na yi tafiya! Ku dubi ƙafata! Yaya, dubi bororo! Sau biyu na tsallaka gada!"

"Mu abin da agogo ya ƙirga muka sani," in ji Alhaji.

"To ai agogon ya ƙirga! Dubu talatin da ɗaya! Kai da bakinka ka ce ƙafar da ta fi tafiya a gidan nan ita za ta hau!"

Mas'uda ta ɗauke kwanon daga gabansa, ta karkaɗa makulli.

"Ƙafar da ta zo ta ɗaya, Malam, yanzu ka gama cinye ta. Ni ce ta biyu. In ma akwai kyautar na uku, ta akuyar Malam Nu'uman ce."